Yadda Ake Shirya Gwajin Annoba Kafin Shiga Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa a Ƙasar Waje

A watan Fabrairun 2020 aka tsare jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Diamond Princess a tashar Yokohama ta ƙasar Japan, da mutum sama da 3,700 a cikinsa, fasinjoji da ma'aikata. Kafin a gama killace shi, fiye da 700 sun kamu da korona. Tun daga nan hukumomin lafiya suka sa wa irin waɗannan jirage ido fiye da kowace hanyar tafiya, kuma suna da hujja. Jirgin nan gari ne guda a kan ruwa. Dubban mutane suna cin abinci a zaure ɗaya, suna cunkusuwa a lif ɗaya, suna kwana a ɗakuna manne da juna har mako ɗaya ko biyu, ga kuma tsofaffi da yawa a cikinsu. Mutum ɗaya ya shigo da cuta, ba a daɗewa ta zagaye.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta dakatar da tashin jiragen daga tashoshin ƙasar a ranar 14 ga Maris 2020. A Turai an riga Amurka dawowa: jirgin MSC Grandiosa ya tashi daga Jenowa ta Italiya a watan Agustan 2020, bayan an gwada kowane fasinja a bakin tasha. A Amurka sai a Yunin 2021 jirgin Celebrity Edge ya tashi daga jihar Fulorida da fasinjoji. CDC ta rufe shirinta na sa ido kan jiragen a Yulin 2022, manyan kamfanoni suka bi baya suna janye sharaɗin gwaji ɗaya bayan ɗaya, sannan a ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya.

Saboda haka wanda zai hau jirgi a yau, galibi ba za a nemi takardar gwaji a hannunsa ba. Amma tsarin da aka gina a waɗancan shekaru yana nan a ajiye, kuma ranar da wata cuta ta ɓulla shi za a kakkaɓe a dawo da shi, cikin kwana kaɗan. Abin da ya hana mutane shiga jirgi a wancan lokaci, sau da yawa, ba cutar ba ce. Lafiyarsu ƙalau. Gwajin da ba a karɓa suka yi, ko sun yi shi da wuri, ko takardar ta rasa wani abu. Waɗannan ne matakan da ke ƙasa za su kare ka daga gare su.

Mataki na farko: gano dokar wa da wa ke kanka

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa doka ɗaya ce. Akwai ta kamfanin jirgin ruwan. Akwai ta ƙasar da za ka hau jirgin a cikinta. Akwai ta kowace ƙasa da jirgin zai yada zango. Akwai ta jirgin saman da zai kai ka da ƙasar da za ka sauya jirgi, sai kuma ta ƙasar da za ka koma bayan an gama. Wadda ta fi tsauri a cikinsu ita ce taka, ko da sauran duk sun sassauta.

Ɗauki takarda ka jera zangunan tafiyar da kwanan watansu. Zagayen mako ɗaya a tekun Bahar Rum zai iya farawa daga Basalona, ya biya Marsel, ya shiga Jenowa da Nefuls, ya tsaya Baleta: ƙasashe huɗu ke nan, Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta. Wani lokaci ma zangon da ba ka ɗauke shi komai ba shi ne mai sharaɗi. Jiragen da ke zuwa Alaska daga Siyatul suna tsayawa a wata tashar Kanada, yawanci Biktoriya, saboda wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886 da ta shafi jirage masu tutar ƙasashen waje. Tsayawar ba ta wuce 'yan sa'o'i, amma ita ta jawo wa fasinjojin dokokin Kanada, har da cike bayanai a manhajar ArriveCAN, kafin ƙasar ta soke matakan a ranar 1 ga Oktoba 2022. Tsibirin Bamuda shi ma ya riƙa neman izinin shiga na musamman da ake nema ta intanet, a biya kuɗi.

Daga ina za ka samo dokar? Daga shafin kamfanin jirgin, a sashen da ya shafi tafiyarka kai tsaye, domin kamfani ɗaya yakan sa sharaɗi daban ga jirginsa da ke Turai da wanda ke Karibiyan, da tafiyar dare uku da ta dare goma sha shida. Sai shafin ma'aikatar lafiya ko ofishin jakadancin kowace ƙasa. Maganar wani da ya yi tafiyar watan jiya labari ce, ba hujja ba. Wakilin da ya sayar maka da tikiti ma, ka nemi ya turo maka a rubuce. Ka duba ranar da ka biya kuɗi, ka sake dubawa saura mako biyu, ka kuma dubawa saura kwana uku. Wannan ba tsanani ba ne. A Disambar 2021, da nau'in Omicron na korona ya ɓulla, Amurka ta rage wa'adin gwajin masu shigowa ta jirgin sama daga kwana uku zuwa kwana ɗaya, kuma 'yan kwanaki kawai ta bai wa mutane su shirya.

Mataki na biyu: san rukunin da kake

Ba kowa ake yi wa sharaɗi ɗaya ba. An riƙa raba fasinjoji zuwa waɗanda suka kammala allurar riga-kafi, da waɗanda ba su yi ba, da yara, da waɗanda suka warke kwanan nan. A lokacin korona ba a ƙirga mutum cikin masu cikakken riga-kafi sai ya kwana 14 bayan allurarsa ta ƙarshe. Tarayyar Turai ta ƙara nata: daga Fabrairun 2022, shaidar kammala zagayen farko na allura ta riƙa aiki ne kwana 270, bayan haka sai da allurar ƙari. Sunan allurar ma abin dubawa ne. An fi karɓar waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, irin su Pfizer da Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson da Sinopharm da Sinovac, yayin da masu Sputnik V suka sha wahala saboda ba ta shiga jerin ba.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyu akan ɗauke musu gwaji. Waɗanda suka haura haka amma ba su kai shekarun allura ba, su ne aka fi ɗora wa nauyi, wani lokaci gwaji biyu, ɗaya kafin zuwa ɗaya a tasha. In da yara za ka yi tafiya, ka rubuta sharaɗin kowane ɗaya daban.

Mataki na uku: zaɓi gwajin da ake karɓa

Gwaji uku ne suka yi fice, kuma mutane na rikita su.

Na PCR yana neman ƙwayar halittar ƙwayar cutar ne. Ana goga tsinken auduga a hanci ko maƙogwaro, a kai ɗakin gwaji, a ruɓanya abin da aka samu har ya bayyana. Shi ya fi kama cuta, shi ya fi tsada, kuma sakamakonsa yakan ɗauki yini ɗaya zuwa kwana biyu, ko fiye in an yi cunkoso. In ka ga an rubuta NAAT a sharaɗi, sunan dangin ne gaba ɗaya, PCR ɗaya ne daga cikinsu.

Na antijin, wanda ake ce wa gwajin gaggawa, sinadarin furotin da ke jikin ƙwayar cutar yake nema. Cikin minti 15 zuwa 30 an gama. Bai kai PCR kaifi ba, shi ya sa ake ba shi gajeren wa'adi.

Na uku gwajin jini ne da ke nuna ko garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da cutar. Wannan tarihi yake faɗa, ba halin da ake ciki ba, kuma ba a karɓar sa don shiga jirgi. Kada ka ɓata kuɗinka.

Sai batun gwajin da mutum ke yi wa kansa a ɗaki. Wanda ka saya a kantin magani ka yi kai kaɗai, ka ɗauki hotonsa, ba shaida ba ne a wurin kamfani, tunda babu mai tabbatar da hancin wa aka goga ko yaushe. Abin da aka karɓa shi ne wanda ake yi a gaban ma'aikaci ta kiran bidiyo: ya ga fasfonka, ya ga ka buɗe kwalin, ya ga ka goga, ya karanta sakamakon, sannan a turo maka takarda. Gwajin BinaxNOW na kamfanin Abbott ta hanyar kamfanin eMed mai sa ido ta bidiyo shi ne ya yi suna a Amurka a wannan fanni. Mai son bin wannan hanya ya sayi kwali biyu, don wani kan fito a lalace, kuma kada ya ɓare shi sai ma'aikacin ya ce ya ɓare.

In an ba ka zaɓi, ni na fi karkata ga gwajin gaggawa a hannun ma'aikacin lafiya. Ba ka kwana da fargabar ko sakamako zai iso. Ga wanda ya yi cutar kwanan nan kuwa, zaɓin ya wuce na sauƙi kawai, domin PCR yana iya ci gaba da nuna alamar cutar har kusan wata uku bayan an warke, alhali mutum ya daina yaɗa ta. Shi ya sa aka fito da takardar shaidar warkewa: tsohon sakamakon da ya nuna an kamu, haɗe da wasiƙar likita. Amurka ta karɓe ta har kwana 90, Tarayyar Turai har kwana 180. Sai dai ba kowane kamfani ko zango ke karɓa ba, ka tambaya tun da wuri.

Mataki na huɗu: lissafin lokaci

Nan ne gizo ke saƙar. Sharaɗi yakan zo da kwana ko da awa, kuma ba abu ɗaya ba ne.

In an ce kwana biyu, kamar yadda aka yi wa masu riga-kafi a tashoshin Amurka daga Satumbar 2021, ranaku ake ƙirgawa, ranar hawa jirgi kuma ba ta cikin lissafi. Jirgin da zai tashi Asabar, gwajin Alhamis ko Juma'a ko safiyar Asabar ɗin ya yi. Ko da asubahin Alhamis aka yi shi, ya shiga. Na daren Laraba bai shiga ba, ko da saura minti goma ƙarfe sha biyun dare ta buga.

In kuwa an ce awa 72, agogo ake bi. An ba ka ƙarfe biyu na ranar Asabar a matsayin lokacin shiga, to gwajinka sai daga ƙarfe biyu na ranar Laraba. Wanda ya yi da safiyar Laraba yana ganin ai kwana uku ne, ya fita daga wa'adi da sa'o'i.

Daga yaushe agogon ke fara tafiya? Daga lokacin da aka goga maka tsinke, ba daga lokacin da sakamako ya fito ba. Mutane da dama sun kalli kwanan watan da ke saman takarda, wato ranar bayar da sakamako, suka saki jiki, ma'aikacin tasha kuwa layin ɗaukar samfur yake dubawa. Ina kuma yake tsayawa? Wani kamfani a lokacin da ka shiga jirgi, wani a lokacin da jirgin ya bar tasha, tsakaninsu kuma akwai sa'o'i da dama. Ka ɗauki mafi nisa ka yi lissafi da shi.

Ga kuma bambancin agogon ƙasashe, wanda ke cin masu tafiya yamma. A ce mutum ya yi gwaji a Dubai ƙarfe uku na yammar Laraba, zai hau jirgi a Mayami ta Amurka ƙarfe biyu na ranar Asabar. A ido, awa 71 ne. Amma a lokacin bazara Dubai tana gaba da Mayami da awa takwas, don haka lokacin da aka gwada shi ƙarfe bakwai na safe ne a Mayami, ainihin tazarar kuma awa 79. Mai yiwuwa ma'aikacin ya duba kwanan wata kawai ya wuce da shi. Mai yiwuwa kuma ya ƙirga. Hutun da ka tara wa kuɗi bai kamata ya rataya a kan halin mutum ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara daga lokacin hawa jirgin ruwa ka ƙirgo baya, ka ja layi inda wa'adin ya fara, ka ja wani inda dole sakamako ya kasance a hannunka. Ka yi haka ga jirgin sama ma. In tazarar biyun ta haɗu, gwaji ɗaya ya wadatar. In ba ta haɗu ba, ka yarda tun yanzu cewa gwaji biyu za ka yi, ka sa shi cikin kasafi.

Mataki na biyar: inda za ka yi gwajin

Mai tafiya mai nisa ya isa garin da tashar take da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, ya yi gwajinsa a can. Hakan na kashe matsalar agogo, yana kuma ba ka sarari in jirgin sama ya yi jinkiri, tunda jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Manyan filayen jiragen sama da kantunan magani da asibitoci masu zaman kansu su ne wuraren da aka saba yi, wasu otal-otal ma kan kira ma'aikaci ya zo ɗaki.

Ka kama layi ta intanet tun kana gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin jirage Asabar da Lahadi suke tashi, ranakun da wasu ɗakunan gwaji ke rufe ko su rage aiki, ga ranakun hutun ƙasar da ba ka sani ba. Ka tambaye su abu uku: awa nawa sakamako ke ɗauka, ko suna ba da takardar da ta dace da tafiya, da harshen da suke rubuta ta. Ka kuma riƙe adireshin wuri na biyu kusa da tasha. Wasu kamfanoni sun riƙa yin gwaji a bakin jirgi, amma da tsada, da ƙarancin gurbi, kuma in ya nuna cuta a can, ba ka da sauran dabara.

Mataki na shida: duba takardar layi-layi

Kada ka bar wurin gwaji, ko ka rufe saƙon imel, sai ka tabbatar da waɗannan: cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ranar haihuwa ko lambar fasfo, irin gwajin, rana da lokacin ɗaukar samfur, sunan ɗakin gwajin da adireshinsa, da kalmar da ta nuna ba a sami cuta ba. Sakamakon da ya ce ba a tantance ba, daidai yake da babu. Masu suna uku ko huɗu su fi kula, saboda ma'aikaci mai sauri yakan jefar da na tsakiya ko ya juya su. A kula da rubutun kwanan wata ma: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Turai 3 ga Afrilu. In da hali, a rubuta sunan watan da haruffa.

Takardar da aka cike da biro ba ta cika samun karɓuwa ba. Ka buga kwafi biyu, ka ajiye hotonta a waya ta yadda za ta buɗe ba intanet. In kamfanin yana da manhajar loda takardu, kamar yadda kamfanin jiragen ruwa na Carnival ya yi amfani da manhajar VeriFLY, ka loda da wuri, amma ka riƙe ta takarda a jakar hannu tare da fasfo. Babban akwati tun a ƙofar tasha ake karɓe shi, ba za ka sake ganin sa ba sai a ɗakinka. Tunda ana maganar takardu, in zangunanku sun haɗa da ƙasar da ke neman katin allurar shawara, shi ma ya shiga jakar. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ba ya ƙarewa.

Takardar bogi kuwa laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Mataki na bakwai: shirya wa mummunan sakamako

Tun kafin ka biya kuɗin tikiti ka karanta abin da kamfanin zai yi in gwajinka ya nuna cuta. Wasu sun riƙa mayar da kuɗi, wasu sun ba da takardar bashi ta wata tafiyar nan gaba. Amma wanda aka mayar don takardarsa ba ta cika ba, galibi ba ya samun komai, laifinsa ake ɗauka. Ka kuma sani cewa ba kai kaɗai za a hana ba, har abokan ɗakinka da waɗanda kuka yi tafiya tare.

Inshorar tafiya a nan take da amfani, in ka karanta ƙananan rubutunta. Ka nemi wadda ta ambaci annoba ƙarara, ta ɗauki soke tafiya, da kuɗin otal na kwanakin killacewa, da sauya tikitin jirgin sama, da jinya a cikin jirgi, da kwaso maras lafiya daga teku, wanda shi ne mafi tsada duka. Ka duba ko bizarka za ta kai in an tsare ka ƙarin kwana goma. Mai shan magani kullum ya ɗauki na ƙarin mako biyu.

Makon ƙarshe kafin tafiya, ka rage shiga taro. Wasu kan gwada kansu a gida kafin su hau jirgin sama, kuma dabara ce mai kyau: gara ka ji labarin a ɗakinka da ka ji shi a wata ƙasa da akwati a hannu. In sakamakon gaggawa ya nuna cuta kana jin garau, kana iya neman PCR ya tabbatar in lokaci ya bari, ka kuma kira kamfanin nan take maimakon ka je tasha kana fatan a yi kuskure.

Mataki na takwas: ranar hawa da abin da ke bayanta

Ka je a lokacin da aka ba ka, ba kafinsa ba. Za a duba fasfo da tikiti da takardun lafiya, a ba ka tambayoyi kan zazzaɓi da tari da gudawa da amai. Waɗannan tambayoyi sun girmi korona, an daɗe ana yin su saboda cutar norobairos mai sa amai da gudawa. Ka faɗi gaskiya. Amsa da eh tana kai ka wurin likitan jirgi ne ya duba, ƙarya kuwa tana iya sa a sauke ka a zango na gaba da kuɗin aljihunka.

Shiga jirgi ba shi ne ƙarshen gwaji ba. A lokacin korona, a doguwar tafiya akan sake yi a tsakiya, wata ƙasar kuma ba ta barin a sauka sai da sabo. A farkon dawowar jirage a Italiya ba a barin fasinja ya fita yawo sai cikin ayarin da kamfani ya shirya, har aka hana wasu iyali komawa cikin MSC Grandiosa a Nefuls saboda sun ɓalle daga ayarinsu.

Sai gwajin komawa gida, wanda aka fi mantawa. Amurka ta ci gaba da neman sa daga masu shigowa ta sama har 12 ga Yuni 2022. A ranar farko ka je teburin kula da baƙi ka tambaya ko asibitin jirgin yana yi, nawa ne, kuma wace rana, ka sa sunanka kafin gurbi ya cika. In ba sa yi, kada ka sayi tikitin jirgin saman safiyar ranar sauka. Ka zaɓi na yamma ko na washegari, ka kama layin gwaji a filin jirgi tun kana kan ruwa.